Na Karɓe Injin Daga Hannun Baba

Daren Talata, Bebeji

Yau na raba Baba da injin yankan ƙarfe. Yana cikin yanka rodi hannunsa ya ɗauki rawa, faifan injin ya goce ya cafki bakin rigarsa. Da ban fizge wayar wuta ba, da yanzu wani zancen ake yi.

Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ku bar mini yankan nan."

Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Ni na koya maka riƙe shi da hannu biyu, Sani."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya koma benci ya zauna har la'asar. Duk wanda ya kawo aiki, sai ya nuna masa ni.