Alhaji, Ka Shafa Tayar Baya Ta Hagu

Zuwa ga Alhaji Maiwada, mai fataucin hatsi a Gusau, uban gidana na shekara goma sha huɗu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da kuma mahaifiyarka Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni ne Ladan, direban gidanka har zuwa mako biyu da suka wuce. Na san rubuta wa uban gida takarda a bainar jama'a ba tarbiyyarmu ba ce. Amma sau uku ina zuwa ƙofar gidanka mai gadi na ce mani an hana, na kira wayarka ba a ɗauka. Kuma maganar da aka yi a kaina ba a ɗaki aka yi ta ba, a ƙofar shagonka aka yi ta, gaban masu awo da 'yan dako. Inda aka ɓata mutum, nan ya kamata ya wanke kansa.

Ga abin da aka ce. Kabiru, ƙanen matarka Hajiya, wanda ka damƙa wa kula da motocinka, ya shaida wa jama'a cewa na ƙi zuwa Tsafe ɗauko Inna don haushin ba a sayi taya a shagon da nake cin kamasho ba. Jiya kuma limamin unguwarmu ya kawo mani saƙo, wai in na zo na durƙusa na ba Kabiru haƙuri za a mayar mani da makulli. Na gode wa liman. Amsata ita ce ba zan zo ba, kuma ga dalilaina.

1. Yadda nake zaɓen taya

Tun da na fara tuƙa ka, ni nake zaɓa wa motarka taya, kuma ba ta taɓa fashe mana a hanya ba. Ba asiri nake yi ba, dubawa nake yi. Da farko nakan buɗe ƙofar direba in karanta takardar da ke manne a jikin ƙarfen, wadda ta faɗi girman tayar da aka ƙera motar da ita da kuma iskar da ta dace. Sannan in nemi lambobi huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, tana bushewa tana tsattsagewa a kan kantar shago. Bayan nan in duba kaurin gefenta da zurfin zanenta, in tambayi kaina inda za ta bi. Motarka ba ofis kaɗai take zuwa ba. Tana zuwa gona a Wanke, tana shiga kasuwar Mada, tana bin gargada da ramuka, da damina kuma tana taka ruwa.

Ban taɓa saya maka mafi araha ba, domin araha ba ta ado. Ban kuma taɓa saya maka mafi tsada ba, domin rabin kuɗinta na suna ne. Ta tsakiya nake nema, sabuwa, mai riƙe titi in an taka burki, wadda za ta daɗe zanenta bai cinye ba.

Shi kuwa Oga Sande, mai shagon tayar da aka ce ina cin kamasho a wurinsa, a je a tambaye shi yadda muke. Sai na zaga shago uku kafin in isa nasa. Sau biyu ina mayar masa da taya bayan ya sauko da ita, har ya laƙaba mani suna Mai Duba Shekara, kuma in ya hango ni yakan sa a kwashe tsofaffin kaya daga gaba. Abin da na taɓa samu a hannunsa kalanda ce ta sabuwar shekara, tana nan rataye a zaurena ga mai son gani.

2. Tayoyin da Kabiru ya sayo

Da aka karɓe sayen taya daga hannuna aka ba shi, na sakar masa, dukiyarka ce. Ya dawo da faffaɗan tayoyi masu siririn gefe, irin na 'yan gayu, suna ta ƙyalli. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya yaba, kai ma ka tsaya daga nesa ka gyaɗa kai. Ba zan ce irin wannan taya ba ta da amfani ba. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta tana riƙe kwana da kyau, mota ta kwanta a titi. Amma gefenta bai fi faɗin yatsu uku ba, ba ta da naman da za ta shanye dukan rami.

Wannan ma mai sauƙi ne. Da na sunkuya na karanta lambobin nan huɗu, sai na ga tayoyin sun girme wa autarka da ke aji uku a firamare. Ƙyallin nan mai ne aka shafa masu, kyan ɗan maciji ne kawai.

A nan zan faɗi laifina, don ba na zo in ce ni waliyyi ba ne. Na gani na yi shiru. Kunya ta hana ni kushe sayayyar surukinka a gabanka, na ce a raina zan riƙa lallaɓawa. Wannan shirun shi ne abin da nake nadama a duk wannan magana, kuma ba zan sake yin irinsa ba.

3. Abin da ya faru a hanyar Bunguɗu

Ranar da na kai Hajiya ta'aziyya Bunguɗu, a hanyar dawowa wata babbar mota ta matse ni na faɗa rami. Ba gudu nake yi ba, Hajiya shaida ce. Da muka iso gida na duba, sai ga kumburi ya fito a gefen tayar gaba, ya kai ƙwan agwagwa. Duk direba ya san ma'anarsa: zaren da ke cikin tayar ya tsinke, fata ce kawai ke riƙe da iska. Ba a yi masa faci, ba a lallashinsa, jefar da tayar ake yi.

Na nuna wa Kabiru. Ya karɓi makulli ya fita da motar, ya dawo da yamma babu kumburi, ya ce an gyara. Raina bai kwanta ba. Da safe ina wankin mota na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu, na zura hannuna ta bayan tayar baya ta hagu, sai na ji shi zaune daram. An ciro tayar ne daga gaba aka mayar da ita baya, aka juya kumburin ya koma ciki inda ido ba ya kaiwa. Na nemi in gaya maka, kana tsakiyar ciniki, ka ce in yi magana da Kabiru.

4. Ranar Alhamis

Ka fi ni sanin cewa Inna ta ƙi barin gidanta na Tsafe, kuma kowace Alhamis ake ɗauko ta zuwa asibiti a Gusau. Ka kuma san hanyar Tsafe. Ba hanya ba ce da mutum zai so ya tsaya a bakin daji yana kafa jak, da tsohuwa a kujerar baya wadda ba ta iya taku goma sai an riƙe ta. Wannan ma in taya ta yi mutunci ta sace a hankali ke nan. In ta fashe ana tafiya, bayan mota ne ke juyawa, kuma gefen hagu na baya nan ne wurin zaman Inna, saboda ta ce ta fi jin daɗin miƙe ƙafarta a can.

Da Alhamis ɗin ta zo, na ce a canza taya ko a ba ni wata motar. Kabiru ya ce ni direba ne ba mai mota ba, in tashi in tafi Tsafe. Na ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na ajiye makulli a kan motar da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, na kuma ɗaga murya a gidan da ban taɓa ɗaga ta ba. In don wannan ne, kai nake ba haƙuri, kuma ga shi na bayar a rubuce. Amma ƙin tafiyar ba zan ba kowa haƙuri a kansa ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. A kan haka aka kore ni.

Inna ta riƙe ni kamar ɗanta. Ba ta taɓa shiga motar nan ba ta tambayi lafiyar 'ya'yana da sunayensu ba, kuma ba na barin Tsafe sai da ƙullin daddawa ko kuka na kai gida. Da wane ido zan dubi mutanen garin nan in na ɗauke ta a kan abin da na sani? Na ji zafin korar da aka yi mani, na fi jin zafin kiran da aka yi mani ɓarawo, amma abin da ke hana ni sukuni shi ne motar na nan tana zirga-zirga. Shekaranjiya na gan ta a bakin kasuwa, na tsugunna kamar mai gyara takalmi na shafa. Kumburin na nan, ya ma ƙara girma. Alhamis biyu ke nan sabon direba na zuwa Tsafe a kai, kuma ban ga laifinsa ba, bai sani ba. Allah ya tsare sau biyu, amma ba a gwada haƙurin roba.

Buƙatuna

Na farko, kada motar nan ta sake kama hanyar Tsafe sai an cire tayoyin nan duka huɗu. A sayi girman da ke rubuce a ƙofar mota, a karanta shekararta kafin a ɗaura. A saya a duk shagon da ka ga dama, ko a Gusau ko a wani gari, kada ma a bi ta ƙofar Oga Sande in hakan zai kwantar wa wani hankali.

Na biyu, maganar kamasho a janye ta a wurin da aka yi ta. Ina da 'ya'ya masu tasowa a garin nan, ba ni da gadon da zan bar masu da ya wuce sunana.

Na uku, ba aikina nake roƙo ba. Mai hannu a sitiyari ba ya kwana da yunwa a Gusau, kuma arziki na Allah ne.

Na huɗu shi ne ya fi nauyi, na kuma san ba a saba faɗa wa babba irinsa ba. Manyanmu ba sa sunkuyawa su duba ƙarƙashin mota, aikawa suke yi, ta nan ne kuma aka cuce ka. Wannan karon kada ka aiki kowa, kada ka yarda da Kabiru, kada ka yarda da ni. Ka naɗe babbar rigarka, ka durƙusa a gefen motar, ka zura hannunka ta bayan tayar baya ta hagu. In ba ka ji komai ba, zan zo ƙofar shagonka in durƙusa gaban duk wanda ya ji an kira ni ɓarawo, in ce haka ne. In kuwa ka ji abin da na ji, ba sai ka kira ni ba. Ka dai tuna wadda ke zama a daidai saman wurin da hannunka yake.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare ka da iyalinka a hanya da gida, ya raba ka da masu rufe maka ido da ƙyalli. Allah ya ba Inna lafiya, ya kai ta asibiti ya dawo da ita ɗakinta lami lafiya. Yau Talata, Alhaji. Jibi Alhamis.

Wassalam.

Naka,
Ladan Direba, Gusau.