Wuyan Keken Kuramoto

Imabari, 4 ga Maris

Zuwa ga maigidana, Baban Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki, yaya hannun daman da ya shanye? Mai koya maka motsa jiki ta ce karatu zai taimaka wajen dawo da maganarka, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da rabona da rubuta maka wasiƙa tun kafin aurenmu. Gida lafiya. Itacen lemun bayan shago ya cika, kuma babu mai yi mini faɗa in na bar ɓawo a kan teburin aiki.

Ranar Lahadi da muka zo asibitin, Chizuru ta sake kawo maganar a rufe shagon keke a ƙarshen wata, in an sallame ka mu koma wurinta a Osaka. Na ga ka gyaɗa kai, sannan ka juya fuskarka bango. Har jirgin ƙasa ya sauke ni raina bai yi daɗi ba. Na san ka. In ka bar wannan shagon, zama za ka yi kana kallon taga har abin da ya rage ya ƙare.

To ga wani labari. Tsoho Kuramoto, wanda ka haɗa wa koren keke shekarar da muka buɗe shago, ya turo shi jiya. Ran ashirin ga wata matarsa za ta cika shekara da rasuwa, kuma ranar yake so ya fara zagayen wuraren ibada tamanin da takwas a kan keken nan, da hotonta a jaka. Amma wuyan keken ya mutu. In ka juya kan sai ya riƙa tsayawa a tsakiya yana ƙas-ƙas, boris sun ci kofunan ƙarfen da suke juyawa a ciki. Na ce masa mai gyara yana kwance. Ya ce ya sani, ai ni ya kawo wa.

Ka yafe mini, na taɓa kayan aikinka. Shekara arba'in da ɗaya ina share ƙasan teburin nan ban taɓa ɗaga ko sifana ba, don ka hana. Na tsaya na rusuna wa teburin tukuna, kamar yadda kake yi da safe, sannan na kwance wuyan. Na yi odar sabon saiti na inci ɗaya, zai iso jibi.

Ka ci abincinsu ko da babu gishiri. Taka,
Sumie

Imabari, 12 ga Maris

Baban Chizuru,

Ina gaishe ka, ina fatan tafiya da sandar tana ƙara sauƙi. Na ji an ce ka kai ƙarshen baranda ka dawo, na ji daɗi ƙwarai.

Yanzu ka shirya dariya, ko da rabin baki ne. Saitin ya zo, kwalinsa an rubuta inci ɗaya, wuyan keken ma inci ɗaya, amma zoben da ke zama a gindin fok, ƙarfen nan mai riƙe tayar gaba, ya ƙi shiga. Na shafa giris, na lallaɓa, har na ɗauko guduma. Sai na tuna yadda kake tsaki in ka ga wani ya ɗaga guduma kafin ya ɗauki ma'auni, na ajiye. Da na auna, gindin fok milimita ashirin da bakwai ne cif, irin awon ƙasarmu na da, zoben kuwa ashirin da shida da ɗigo huɗu, awon da kowa ya koma yanzu. Kofunan ma sun ɗara ramin firam da ɗan abin da ido ba ya gani. Ashe inci ɗaya iri biyu ne, kuma duk shekarun nan ba ka taɓa faɗa mini ba. To, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na mayar, na sa aka aiko mai tsohon awo. Wannan ya zauna daram, har na fara jin kaina. Da na zo ɗaura notin sama sai ya kama tiredi ɗaya kacal, wato zagaye ɗaya, ya tsaya. Saitin ya fi na da tsawo da milimita uku, kai kuma ka yanke bututun fok daidai wa daida, ba ka bar ko ɗan rara ba, saboda a wurinka rara ƙazanta ce. Na zauna a kujerarka na yi maka masifa ni kaɗai, har matar mai tofu, awarar waken suya, ta leƙo ta ce ko ka dawo ne ba ta sani ba.

Kuramoto ya ce in ɗaure haka nan, shi ba tsere zai yi ba. Na ce masa a'a. Mutum mai shekara saba'in da uku zai gangaro daga duwatsun Tokushima a kan tiredi ɗaya, ba daga shagon nan ba. Gajeren saiti irin naka kuwa an ce sai wata mai zuwa, in ma an samu.

Shekaranjiya da safe na fito da kekena zan je kasuwa, sai na tsaya ina kallon wuyansa. Shekara ɗaya ka haɗa su, shi da na Kuramoto, nawa ne ka fara yi, ka kawo gidanmu a maimakon zobe. Na auna. Komai ɗaya, har tsawon. Na kwance shi ina tsammanin zan tarar da tsatsa, sai na ga kofunan suna ƙyalli, boris sababbi, giris fari tas. Nan na gane abin da kake yi duk ranar biyu ga sabuwar shekara, in ka tura kekena cikin shago ka ce za ka duba iska. Kai ba ka iya faɗin magana mai daɗi ba, Tadayoshi, a wuyan keke kake ɓoye ta. Na yi kuka kaɗan, sannan na wanke hannu na ci gaba.

Na matsa kofunan kekena a firam ɗin Kuramoto da dogon ƙarfen nan mai noti, a hankali, ina duba kada su karkace. Na jera boris, na ɗaure, na sassauta, na sake ɗaurewa har sau biyar. Na kama birkin gaba na girgiza keken, babu motsi. Na ɗaga gaban na karkata shi, kan ya faɗi gefe da kansa ba ƙara. Kuramoto ya zaga layin sau biyu ya dawo ya ce, “Hannun gidan nan bai tafi ko'ina ba.”

Yanzu kekena yana rataye babu wuya, kasuwa da ƙafa nake zuwa. Dogon saitin zai hau shi in an aske bakin firam da milimita uku. Na ga abin askin a aljihun tebur na ƙasa. Abin da aka aske ba ya dawowa, amma ina ganin zan gwada ranar Litinin, kafin a rufe shagon.

Ka huta lafiya. Matarka,
Sumie

Imabari, 20 ga Maris

Maigida,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Kuramoto ya tafi yau da hantsi, da farar riga da malfa irin na masu ziyara, ya ce in gaya maka zai kunna maka turare a wurin ibada na farko.

Saƙonka ya iso tun ranar Asabar. Da na ga wasiƙata ce aka maido, na ɗauka ka yi fushi. Sai na juya bayanta na ga rubutun hannun hagu, kowane harafi ya kama hanyarsa. Mai koya maka motsa jiki ta ce ka yi kusan awa ɗaya a kansa, ka ƙi yarda ta taimaka. Na karanta ya fi sau goma: “Ba uku ba. Biyu da rabi. Kada ki taɓa sai na zo.”

Ban taɓa ba. Na kira Chizuru na ce ta bar neman mana ɗaki, ubanta yana da aiki a nan. Sai ta tambaya wa zai riƙe kayan aikin. Na ce ni, shi kuma ya riƙe faɗan. Na matsar da kujerarka zuwa hagun tebur, inda za ka ga hannuna sosai, na ajiye ma'aunin kusa da ita.

Shekara arba'in da ɗaya kana ce mini kada in taɓa, wannan karon ne kawai na ji daɗin maganar. Sai dai ka yi sauri, kasuwa da nisa, gwiwoyina kuma ba na yarinya ba ne.

Mai jiranka,
Sumie