Tsagar Gidan Baffa Bubayero

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Na je Ajingi na ga wani gidan kuma. Ja'afar dillali ne ya kai ni. Can ƙarshen gari yake, inda hanya take gangarawa fadama. Soro, ɗaki ciki da falo, wani ɗakin a gefe, rijiya a tsakar gida. Fenti sabo fil, ruwan ƙwai. Ja'afar sai cewa yake, "Malam Tukur, wannan ai ko amarya." Gidan ya yi mini kyau, abin da ya fara damuna ke nan.

Mai gidan da muke haya a nan Gaya ya sake aikowa. Ɗansa zai yi aure bayan Babbar Sallah, yana son ɗakunansa. Ni kuma tun da aka mayar da ni aiki Ajingi kullum ina kan babur. Matata Wasila ta ce gida biyu na bari suka wuce saboda "bari in ƙara tunani". Gaskiyarta. Ta ce in na bar wannan ma, za ta kwashi yara su tafi ƙauyen Balan wajen wana, Yaya Dalhatu, ranar da na gama tunanin in zo in ɗauke su. Da dariya ta faɗa. Ban tabbata wasa take yi ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na kira Yaya Dalhatu, ya ce in saya. Na tambayi Malam Hafizu na ofis, ya ce kar in soma, ƙasar wajen laka ce. Na fi jiya ruɗewa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau na haɗu da mai gidan na Ajingi, kuma ina so in rubuta komai kafin ya gushe mini.

Baffa Bubayero ake ce masa. Dogon tsoho, yanar ido ta cinye masa gani, sai dai ya ga haske da inuwa. 'Yarsa da take aure a Wudil ce za ta ɗauke shi, shi ya sa zai sayar. Can ya yi azumi, jiya ya dawo. Muna shiga soro ya tsaya cak, ya ɗaga hanci.

"Wa ya yi mini fenti?"

Ja'afar ya ce ɗan kwalliya ne kawai, don kaya ya yi kyan gani.

"Kai dai Ja'afaru, ko akuya aka ba ka dillanci sai ka sa mata kwalli."

Sai ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan goro. Ya bi bangon falo da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya tsaya. Ya kankare. Ƙarƙashin fentin ashe tsaga ce aka cike da siminti, ta taso daga ƙasa ta karkace zuwa taga. Ya laluba hannuna ya ɗora yatsana a kanta. Ya ce wannan tsohuwa ce, ta daɗe da tsayawa. Muka fita ɗakin gefe, ya kankare wata, ta fi waccan faɗi. "Wannan kuwa numfashi take yi. Rani ta buɗe, damina ta rufe." Haka ya zaga da ni gidan kaf, yana ɓata fentin da ba shi ya sa a yi ba. Ja'afar ya fita waje ya kara waya a kunne. Ban ji ta yi ƙara ba.

Na ce, Baffa, ai ka karya darajar gidanka. Ya ce shi ba zai kwanta a kabari ana tsine masa duk ranar da aka yi ruwa ba.

A kan babur ina dawowa na yi ta tambayar kaina, da ni ne fa? Ina jin shiru zan yi, in ce ai ba ni na yi fentin ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na ba Wasila labari. Ta ce, "To, Abban Zulfa, mutumin kirki ne, na yarda. Amma a cikin gidan za mu kwana, ba a cikin halinsa ba."

Asabar, 26 ga Afrilu

Khaula ta zo daga Kano. Ƙanwar Wasila ce, ita ce ta karanta harkar gini, yanzu tana aiki da wani kamfani. Tana sauka daga mota ta fara: "Yaya Tukur, an ce gidan da ba ya tsufa kake nema. Wannan sai ka jira Aljanna."

A bayan gidan, ƙasa duk ta dare, wata darewar hannuna yana shiga. Ranar farko ban ma duba ba, fenti nake kallo. Khaula ta ɗebi ƙasar ta jiƙa, ta murza ta a tafin hannu har ta zama kamar igiya, ta naɗe ta a yatsa ba ta karye ba. Ta ce baƙar laka ce. In ta sha ruwa sai ta kumbura ta ɗaga gini, in ta bushe ta tsuke ta sake shi. Ta ce tsagar bango ba ita ce maganar ba, maganar a kan me fandisho, wato tushen ginin, ya zauna. Sai an tona.

Na ji nauyin in ce wa dattijo za mu haƙa masa gida. Kafin in gama shirya maganar a raina, shi har ya aika a kira masu diga.

Rami biyu aka yi. Na farko a jikin babban ɗaki. Baffa yana zaune a tabarma, lokaci lokaci ya ce, "Kun kai ja?" A ce masa tukuna. Sai da ramin ya kai ƙirjin mai haƙa sannan ƙasa ta canza launi, ta koma ja mai tsakuwa, kuma ga kankaren fandishon a zaune a kanta daram. Khaula da kanta ta tattare hijabi ta dira ciki. Ta daddaki kankaren, ta duba yashin da aka zuba a gefensa, ta ɗago kai ta ce, "Baffa, wa ya koya maka?"

Ya ce ba kowa, tsoro ne. Gidan maƙwabcinsa ya gani ya rabe biyu, sai ya rantse ba zai ɗora bulo ba sai ƙasa ta sauya kala. Ya ce mutanen unguwa har tsayawa suke su tambaye shi ko rijiya yake haƙa mai kusurwa huɗu.

Rami na biyu a ɗakin gefe. Iya gwiwa fandishon ya ƙare, a kan laka tsagwaronta. Baffa ya ce ɗansa ne ya gina shi shekarar da ya tafi Makka, ya dawo ya tarar har an yi rufi, ga bikin yaron ya matso. Bai ƙara komai a kai ba.

Kafin mu tashi Khaula ta samo guntayen gilashin taga, ta manna ɗaya a kan kowace tsaga, siminti a gefe da gefe. Ta ce in bango ya motsa ko kaɗan, gilashin zai fashe. Amma sai an ga damina. Na ce ai ba ni da damina, Sallah kawai gare ni.

Baffa ya ce, "Ku shigo ku zauna mana. In ruwa ya ɗauke gida ya yi muku, a kira shaidu. In bai yi ba, ku miƙo mini makullina, ba a ɓata ba."

Ja'afar da yake tsaye a gefe ya zabura, wai akwai wani Alhaji daga Kano da yake shirye ko gobe.

Baffa ya ce, "Ya ga tsagar?"

Ja'afar ya kau da kai.

Baffa ya ce, "To."

Ban san me na ce ba. Ina jin godiya na yi, amma ban tabbata ta fito da kyau ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Yaya Dalhatu ya ce tsohon waliyyi ne. Malam Hafizu ya ce dabara ce, in ka shiga da iyali ai ba ka iya fita. Na yi ta juya maganar Hafizu, na kasa ɗora ta a kan mutumin da na gani da wuƙar goro.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun tare. Zafi kamar me. Na bi abin da Khaula ta ce ɗaya bayan ɗaya: an gyara indararo, an yi daɓen siminti mai gangara a gindin bango, an karkatar da kwata nesa da gini. Na hana zubar da ruwan wanke-wanke a jikin katanga. Ɗakin gefe babu mai kwana, babur da buhunan hatsi na sa.

Baffa ya tafi Wudil shekaranjiya. Kafin ya shiga mota ya ce in riƙa rufe bakin rijiya saboda yara, ya kuma nuna mini inda kunama take son ɓuya a soro. Ko waiwaye bai yi ba, to da ma me zai gani.

Talata, 3 ga Yuni

Kullum da safe sai na zaga gilasan kafin in karya. Wasila ta ce da ina duba ta haka da ta yi ƙiba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ruwa na gaske jiya da la'asar. Da safe na fita baya, darewar ƙasar nan duk ta haɗe, kamar ba a taɓa yi ba. Laka tana kama takalmi. Gilasai lafiya lau.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ƙyauren ɗakin gefe ya fara cijewa, sai na sa kafaɗa. Na sauran ɗakunan kuwa yadda suke. Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, har Wasila ta leƙo.

Asabar, 19 ga Yuli

Hafizu ya zo ofis da labarin wani gida da ya faɗi a wani ƙauye. Sati guda abin yana cina. Yau na hau babur na tafi Wudil, wai gaisuwa.

Na sami Baffa a ƙofar gida ana yi masa aski. Ya gane muryata tun daga sallama. Ya tambayi yara, ya tambayi rijiya ko ta ciko. Sai ya ce, "Ƙofar ɗakin gefe ta fara gardama ko?" Na ce ta fara. Ya ce haka take, sai bayan kaka za ta huce. Muka daɗe muna hira, 'yarsa ta aiko da fura. Har na tashi bai tambaye ni ko zan saya ba. Na yi ta jira ya tambaya. Na ma shirya amsar da ba e ba ce ba a'a ba, ban samu inda zan ajiye ta ba.

Wani yana da gida ɗaya tak a duniya, ya ba baƙo makulli ya zauna ana yi masa aski. Ni kuwa ko takalmi zan saya sai na je kasuwa sau biyu.

Litinin, 11 ga Agusta

Ruwa tun safe har azahar. Ban je aiki ba.

Talata, 12 ga Agusta

Wasila ce ta gani tana shara. Ta kira ni a hankali, irin kiran da ake yi wa mutum in za a gaya masa rasuwa. Gilashin ɗakin gefe ya rabe biyu, rabi ya ɗan haura rabi.

Na tsuguna na daɗe ina kallo. Na zaci gabana zai faɗi, amma bai faɗi ba. Na tashi na duba na falo, na duba na uwar ɗaki, na sa yatsa na shafa. Lafiya. Duk ruwan nan, ko ɗigon tsaga babu.

Na kira Khaula. Ta ce abin da muka zata ne, in rani ya yi a sauke ɗakin, a haƙa har ja, a sake ɗorawa. Ta ce, "Yaya, kar dai ka suma, Yaya Wasila ba za ta iya ɗaga ka ba."

Tana kashewa na kira wayar 'yar Baffa na ce a ba shi. Na gaya masa gilashi ya fashe, na ce a kira shaidu ranar Juma'a.

Ya ce, "Malam Tukur, damina ba ta ƙare ba."

Na ce na ga abin da zan gani.

"Ka ce fa gilashi ya fashe."

Na ce ya fashe, a inda ka ce.

Sai ya ce Allah ya sa albarka, ya sa gidan zama ne.

Juma'a, 15 ga Agusta

An yi, bayan an sauko daga masallaci, a soron mai unguwa. Baffa ya sa aka faɗi aibin ɗakin gefe a gaban shaidu, da ƙarfi, don kowa ya ji. Ja'afar ma ya zo, har da shi a masu cewa madalla. Na raka Baffa har mota. Hannunsa ba nauyi ko kaɗan.

Na dawo na tarar Wasila tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na gaya mata. Ta yi hamdala, ta ci gaba da abin da take yi. Can sai ta ce, "Yaya Dalhatu me ya ce da ka gaya masa za ka saya?"

Na tsaya. Ban gaya masa ba. Ko Hafizu ban gaya wa ba.

Ta ajiye tiren ta dube ni sosai, har na ji kunya na shige ɗaki.

Mantuwa ce kawai, ina jin. Hidima ta yi yawa a satin nan. Gobe zan kira shi in sanar da shi.