Ranar da Na Tsayar da Kiɗa a Gwangalli

Asabar, 3 ga Mayu

Bakin tekun Gwangalli ya cika maƙil yau. Yaya Sun-rye tana waƙa, ni ina kan kahon ɗina, akwatin katakon da nake zama a kai ina duka. Mai gasa kifi na can ƙarshen layi ya ce har cikin shagonsa yake jin dukana. To da fa! Hannun da ya tsufa yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa ai ba na wasa ba ne.

Yanzu dai hagun tana cikin ruwan ƙanƙara, damar kuma da ƙyar take riƙe biro.

Lahadi, 4 ga Mayu

Bayana ya riƙe. Sai da na dafa bango na sauko daga gado.

Asabar, 10 ga Mayu

Hannun hagu ya mutu mini a tsakiyar waƙar ƙarshe, kiɗa ya karkace. Muna kwashe kaya Yaya ta tare ni.

"Gyu-man, ko ka riƙa tashi kana miƙa jiki tsakanin waƙoƙi, ko in kawo na'urar kiɗa. Ita ba ta da ƙugu."

Na ce, "Haba Yaya, kiɗa na tsayawa mutane ke watsewa, ke ma kin sani."

Kuma gaskiyata ce. Duk mai wasa a titi ya san ba a barin shiru ya shiga. In Yaya tana shan ruwa, ni nake riƙe mata jama'a da ɗan bugu. Tun da muka fara ban taɓa ɗaga gindina daga akwatin nan ba sai an tashi. Wai na'ura! Ni za a canza da abin da ake jona wa wuta. Abin ya ci mini rai.

Talata, 13 ga Mayu

'Yata Da-hye ta ja ni wurin likitan allura. Ya tsittsira mini allurai a baya kamar bushiya. Wai sunkuyon da nake yi don in kai tsakiyar akwati ne ke cin ƙuguna, in jingino shi baya kaɗan, in daki sama-sama, in riƙa hutawa. Yaron da ko tukunya bai taɓa kaɗawa ba.

Na gwada jinginowar a ɗaki. Ba laifi. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ranar tunawa da Baba. An jera masa shinkafa da miya da kifi a gaban hotonsa. Ni ne babba a maza, ni ke fara miƙa kofin giya da hannu biyu, in kai goshi ƙasa sau biyu. Yatsun suka saki, giya ta malale cikin shinkafarsa. Na daure na durƙusa, tashi kuma ya gagara. Ina nan dafe da ƙasa sai da ƙanena Gyu-tae ya cicciɓe ni.

A hankali ya ce, "Yaya, zauna, zan ƙarasa."

A gaban 'ya'ya da surukai. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na hango na'urar a jakar Yaya.

Bayan waƙa ta uku na ɗauke hannu. Shiru ya sauka, har ƙarar teku ake ji. Na miƙe, na dafa ƙugu, na lanƙwasa gefe, na yarfe yatsu. Wasu ɗalibai suka yi gaba abinsu. Sai na ga wasu tsofaffin mata masu hulunan tare rana sun ajiye jakunkuna, suna yin duk abin da na yi.

Ɗaya ta ɗaga murya, "Kai mai akwati, ɗaya gefen fa? So kake mu koma gida a karkace?"

Wuri ya kaure da dariya. Na yi musu ɗaya gefen, har da wuya da kafaɗu. Da na koma na zauna, dukan da na yi ya fito tas, kuma har aka tashi hagun ba ta ba ni kunya ba. Yaya ta rataya jakarta yadda ta zo da ita, a rufe.

Ba don likitan nan na yi ba, kuma ba tsoron na'ura nake ba. Tsofaffin ne suka ce gobe za su zo da ƙawayensu. Tun da sun sa rai, sai dai in tashi mu miƙa jiki.