Faskare a Ranar Hutu

Holmsele, 11 ga Fabrairu

Ƙawata Marit,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da Stig da yaran. Yaya gwiwar taki, ta bar ki kina hawan bene? Maigidana Mats yana gaishe ki. Jikinsa da sauƙi, yana shan magungunansa, mita ce kawai ba ta ragu ba.

Na san za ki ce me ya hana ni buga miki waya. Maganar ce ba na son in ji ta da muryata. Na faɗi gwajin ƙarfi na bana.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina cikin 'yan kwana-kwanan garin nan. Ina tsakiyar dafa wa yaran makaranta dankali na'urar da ke ƙuguna za ta yi ƙara, in yar da ludayi in ruga, kuma ban taɓa zama ta ƙarshe a mota ba. Shekaranjiya na yi tafiyar minti takwas a kan injin motsa jiki, da kaya da tukunyar iska a bayana, na gama da ƙyar. Da aka zo jan mutum-mutumin nan mai kilo tamanin, wanda ake so a kai shi mita talatin cikin minti ɗaya, sai ƙafafuna suka ƙi a mita na goma sha takwas. Na tsaya ina haki a gaban maza huɗu, kowannensu ya sami abin kallo a takalminsa. Tun da al'ada ta ɗauke mini jikin nan ya daina jin maganata, ga shekara guda da na yi a zaune ina jinyar Mats ina cin burodin kirfa. Ba uzuri nake kawo miki ba, kunyar da na ji nake faɗa miki.

Roger, shugabanmu, ya ja ni gefe. Ya ce, “Gunilla, mu biyar ne cif, kuma na bi gida-gida, babu mai son shiga. Ƙaramar hukuma ta ce in muka kasa biyar za su rufe tashar, motar ta koma birni. Na roƙo miki sake gwaji ranar sha biyu ga Yuni. Daga shi babu wani.”

Daga birni zuwa nan minti hamsin ne in hanya ta yi kyau. Ke kika riƙe ni a asibiti bara, ba sai na tuna miki ba cewa cikin minti shida abokan aikina suka iso kan Mats da na'urar tada zuciya, ranar da ya faɗi a bakin gareji. Likita ya ce da an kai minti goma da yanzu ni kaɗai ce a gidan nan. Ya kuma ce abin yana iya dawowa.

Kin tuna Malama Berit, wadda ta koya mana motsa jiki muna yara? Tana nan da ranta da bakinta, shekara saba'in da biyu, tana tara mata a ɗakin ƙasa na makaranta suna ɗaga ƙarfe. Jiya na je na same ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta matsa cinyata da yatsa kamar mai sayen tumatir, ta ce, “Wata huɗu? Zai yiwu, 'yar nan, in kina jin magana. Amma ban san ki da jin magana ba.”

Ki yi mini addu'a. Ki gaida kowa.

Taki,
Gunilla

Holmsele, 20 ga Afrilu

Marit tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da safar ulun da kika aiko, ita nake sawa in zan je wurin ƙarfen. Allah ya sa Stig ya warke daga murar. Mu nan lafiya lau, ƙanƙara ta fara narkewa, hanyar gida duk taɓo.

Da kin gan ni da kin yi dariya. Mu shida ne, ƙaramarmu ita ce mai shekara arba'in da biyar. Ran farko sandar ƙarfen kawai Malama ta ba ni, ba faifai ko ɗaya a jiki, ta ce in tsuguna in tashi. Kwana uku ina sauka daga bene da baya. Elsy maƙwabciyata, wadda ta girme ni da shekara tara, ta ɗaga kilo sittin a gabana ta ajiye, ta ce, “Sannu, 'yar kwana-kwana. In gidana ya kama da wuta kada ki damu, ni zan ɗauko ki.”

Yanzu ina ɗaga kilo saba'in da biyar daga ƙasa, sau biyar a jere. Marit, ban san a shekara hamsin da biyu jiki yana koyon sabon abu ba. Na ɗauki buhun dankali a kicin ban tsaya neman mai kama mini ba. Barcina ya gyaru. Na ja mutum-mutumin a tasha ranar Asabar, na kai mita ashirin da shida kafin minti ya cika. Saura huɗu, kuma kullum da huɗun nan nake tashi.

Dokar Malama ɗaya ce. Litinin, Laraba, Juma'a a ɗaga ƙarfe, sauran ranakun a ci a huta. Ta ce, “Ba a nan ɗakin ƙarfi yake shiga jiki ba. Nan rushe ki nake yi, ranar hutu jiki yake ginawa. Wadda ta sace ranar hutunta kanta ta cuta.” Na ce to. A raina kuwa na ce uwata ba ta san wani abu wai shi ranar hutu ba, kuma ta kai tamanin da bakwai.

Abin da ya dame ni daban ne. An kawo mana gungumen itacen hunturu, tari guda a bakin gida. Kin san garin nan. Kafin tsakiyar bazara kowa ya faskara nasa ya jera, in ba haka ba itace ba zai bushe ba, kuma duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya duba. Ba mai cewa komai, kallon ya isa. Shekara talatin jerin Mats ne ake kwatance da shi a layinmu. Likita ya hana shi ɗaukar abin da ya fi butar shayi nauyi. Kullum sai in same shi a taga da kofinsa yana kallon tarin nan. Na ce mu nemi Roger da mutanensa su taya mu rana ɗaya. Ya ce, “A ce Mats ya zama wanda ake yi wa faskare? Gara sanyi ya kashe mu.” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ki rubuto.

Ƙawarki,
Gunilla

Holmsele, 3 ga Yuni

Marit,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. A kwance nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da rubutun.

Ran takwas ga Mayu na dawo daga aiki na ji ƙarar gatari a bayan gida. Na zagaya na sami Mats, rigarsa ta jiƙe, leɓensa ya yi fari, yana dafe da gungume. Guda bakwai ya faskara. Na ƙwace gatarin, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya ce, “Elsy ta gama nata tun Lahadi. Mace, ita kaɗai.” Nan na gane ko na ɓoye gatarin zai ari wani. Hanya ɗaya ce, kada ya sami abin da zai faskara.

To na faskara. Talata, Alhamis, Asabar, Lahadi, duk ranakun hutun Malama, mako uku. Ban faɗa mata ba. Ban nemi kowa ba, don ni ma 'yar garin nan ce, abin da ke cin Mats yana cina. Kuma gaskiya har daɗi na ji, gatarin da a da yake fin ƙarfina ya koma ba nauyi. Da nauyin da nake ɗagawa ya tsaya cak, har ya fara raguwa, Malama ta tambaye ni ko ina barci, na ce ina yi. Ta ce ina ci, na ce ina ci.

Ranar Alhamis da ta wuce, saura ɗan abin da bai kai ya kawo ba in gama, na sunkuya in ɗauki wani guntun icce da ko kilo biyu bai kai ba. Wani abu ya tsinke a ƙasan bayana, na durƙusa. Da rarrafe na shiga gida.

Elsy ce ta kai labari, wa kuma. Malama ta zo da yamma. Ba ta shigo ba sai da ta zagaya jerin itacen nan tun daga gareji har katanga, ina kallonta ta taga. Sannan ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Jeri ya yi kyau. Da itace ake jan mutum-mutumin?”

Na ce, “Malama, da ban yi ba da shi zai yi.”

Ta ce, “Ku shida ne a ɗakin nan, 'yar nan. Kowacce tana ɗaga abin da mijinta ba zai ɗaga ba. Yini ɗaya ya ishe mu. Bakinki ciwo yake yi?”

Mats yana bakin ƙofa yana ji, ya juya ya fita. Washegari matan suka zo suka ƙarasa sauran cikin awa ɗaya, har da shan kofi. Awa ɗaya, Marit.

Likita ta ce nama ne ya yage, ba ƙashi ba, mako shida zai warke. Kwana tara gare ni. Roger ya buga wa birni sau biyu, sun ce an riga an ɗaga mana ƙafa sau ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko a cikin hayaƙi. Mats kuma ya daina mita, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Taki kullum,
Gunilla

Holmsele, 13 ga Yuni

Ƙawata, 'yar'uwata Marit,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya da iyalinki. Na ga kiranki har sau huɗu jiya. Ki yafe mini, ban iya ɗauka ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Na je. Malama ta ɗaure mini baya da kanta, matan biyar suka zauna a benci a bakin tasha, ba wadda ta yi tsokana, ko Elsy. Tafiyar injin na gama ta, har da sauran numfashi, abin da ban samu ba a Fabrairu. Matar da ta zo daga birni da agogo a hannu ta ce, “Madalla. Kin shirya wa na biyun?” Na ce na shirya.

Na rungumo mutum-mutumin ta ƙarƙashin hammata kamar yadda aka koya mana, na miƙe da ƙafafu, na fara ja da baya. Ƙarfin yana nan, Marit, na ji shi a cinyoyina. Mita goma na farko ban ma san na wuce su ba. A na ashirin bayana ya fara magana. A na ashirin da biyar ya kama ni kamar an soka wuƙa, ƙafar hagu ta mutu. Ina jin Roger yana cewa, “Saura kaɗan, Gunilla, saura kaɗan.” Na faɗi zaune da shi a cinyata. Na ja da gindi, na ja, na ƙetare layin.

Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Matar ta daɗe tana kallon agogon. Ta ce, “Ki yi haƙuri.” Ba laifinta ba ne. In mutum ne na gaske a cikin wuta, daƙiƙa goma sha ɗayan nan ba za a yafe mini su ba, ni ma na sani. Za a rufe tashar ranar ɗaya ga Satumba.

Malama ba ta ce ai na faɗa miki ba, da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta kwance mini ɗaurin, ta ce, “Da bayan nan kika kai talatin. In ya warke ki dawo Litinin, jikin naki ne, ba na ƙaramar hukuma ba.” Roger ya ce zai ci gaba da neman mutum. Amma ko ya samu yau, sai an yi wa mutum horo na watanni, kuma motar da ta tafi birni ba a san ta da dawowa ba.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba, akwai tsofaffi a kowane layi, kuma da idon da zan kalle su nake ta tunani. Amma na yi lissafin da ya fi kusa da ni. Ba zan zauna da Mats a inda taimako yake minti hamsin ba. Don haka ga abin da ban taɓa yi ba a shekara arba'in da muka yi tare, zan roƙe ki. Ki nemo mana gida a wajenku, ɗaki biyu, a ƙasa, kusa da asibiti. Kafin sanyi ya shigo. Ki kuma tambaya mini ko akwai inda mata irina suke ɗaga ƙarfe, don wannan kam ba zan bari ba.

A gidan nan aka haifi Mats, kin sani. Yanzu haka yana waje yana gyara rufin jerin itacen don kada ruwa ya taɓa shi, yana cewa zai kai mu hunturu biyu. Ban faɗa masa ba tukuna. Zan taka a hankali in jefa wasiƙar nan a akwati kafin in yi masa maganar, don kada in ga fuskarsa in fasa.

Ki gaida Stig da yaran. Sai na ji daga gare ki.

Taki har kullum,
Gunilla