Mun Mai da Surukina Gwanin Wasan Japan, Yanzu Ya Kira Gasa

Anti Rachida, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, domin Asabar ta sama za a yi abin, ni kuwa dabara ta ƙare mini. Ina zaune a nan ƙetare, a garin Greensboro, da matata Kouloussoum da yaranmu, ina aiki a wani babban sito na kaya. Mahaifinta, wanda zan kira Baba don bakina ba zai iya kama sunansa ba, ya zo daga Tibiri aka yi masa aiki a gwiwa, likita ya ce ya dakata tukuna kafin ya koma. A gida mutumin fada ne, wato majalisar hira, shayi da katin belot har a kira magariba. A nan kuwa mu fita aiki, yara su tafi makaranta, in sun dawo ya yi musu Hausa su amsa masa da Turanci. Sai da ya kai babu kuregen unguwarmu da bai sani ba, saboda zaman taga.

Ni na jawo wa kaina. Tausayi ya sa na sauke masa wani wasan Japan a tablet, majon sunansa. Ba caca ba ce, Anti, ko sisi ba a sawa, maki ne kawai. Mutum huɗu ake yi, kowa yana tara 'yan duwatsu masu zane, ka ɗauki ɗaya ka yar da ɗaya. In dutsen da ka yar shi wani yake jira ya cika hannunsa, sai ya danna, wata 'yar tsana mai kunnen kyanwa ta ƙwala ihu ta ce ron, wato an ci, a kwashe makinka kai kaɗai a ba shi. Muka fara yi a falo ranakun hutu: ni, Baba, Kouloussoum, da maƙwabcinmu Elnathan, mutumin Kafanchan, kowa da wayarsa.

Ranar farko Baba ya yar da dutsen da nake jira, hannuna ya riga hankalina, na danna. 'Yar tsanar nan ta yi ihu a tsakiyar falona, a kan surukina. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce madalla. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Matata ta bi ni kicin ta tambaye ni ko kunyata na baro a filin jirgi. Tun daga ranar ban sake dannawa ba. In ga dutsena ya faɗo daga hannun Baba, maɓallin yana ta ƙyalli yana kirana, in kau da kai kamar ban gani ba. Ita Kouloussoum ma ta fi ni, in ta kawo masa shayi sai ta leƙa allonsa, ta dawo ta yar masa da abin da yake nema. Elnathan ya ƙi da farko, ya ce shi ba surukin kowa ba ne, amma kilishi ya shawo kansa.

To, yanzu Baba ya zama gwani. In ba ma nan yana shiga ya yi da baƙi ta intanet, su kuwa ba su san girman kowa ba, su yi masa fata-fata. In na dawo aiki a gajiye sai in tarar yana jirana da tablet, wai in rubuta masa ra'ayinsa da Turanci a wurin da masu wasan ke ba da taurari. Ya sa na rubuta cewa kamfanin yana fifita 'yan ƙasarsu, hujjarsa kuwa a gida babu mai kayar da shi. Ya sa na rubuta cewa lokacin tunani da ake bayarwa ya yi kaɗan, raini ne ga dattawa, kuma a shiga a fita babu sallama. Ya ce a saya wa 'yar tsanar ɗankwali. Tauraro ɗaya yake ba su, in ya cinye mu ran Lahadi ya ce in mayar musu biyar, wai sun gyara halinsu. Wani ya amsa a ƙasan ra'ayin ya ce tsoho ya je ya koyi wasa tukuna, na fassara masa cewa mutumin yana gaisuwa yana jinjina. Ya ce in amsa gaisuwar, na amsa.

Mu sauran ma kowa da nasa ra'ayin. Kouloussoum ta ce kiɗan wasan ne kawai ke mata daɗi. Elnathan ya ce kati ne da aka ƙara wa wahala don a azabtar da mutane. Ni kuwa, Anti, ina son wasan nan tsakani da Allah, kuma na iya, amma rabona da in ci a gidana har na manta.

Ga inda ta ɓaci. Ran Juma'a bayan an sauko, Baba ya tsaya a wurin ajiye motoci yana ba mutane labarin bajintarsa. Ashe Alhaji Soumaïla na ji, wani dattijo Bazabarme mutumin Dosso, wanda ya koyi wasan a wayarsa saboda yawan jiran bas a tashar cikin gari. Kin san Gobirawa irin su Baba da Zabarmawa, wasa ne tsakaninsu, babu mai raga wa wani. Alhaji Soumaïla ya ce Bagobiri ko zanen kumatunsa bai iya ƙirgawa ba, balle duwatsun Japan. Baba ya ce a sa rana. An sa: Asabar ta sama, bayan walimar wani suna, a garejin Elnathan, za a jona wasan a babban talabijin kowa ya gani. Ni da Elnathan ne cikon huɗu. Baba har ya sa an goge masa babbar riga.

Alhaji Soumaïla ya iya wasan nan, na gani da idona. Zai yi wa Baba kaca-kaca a gaban jama'a, kuma labarin sai ya isa Tibiri kafin mu naɗe tabarmi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Baba ya gane cewa duk nasarar da yake taƙama da ita mu muka ba shi. Mutum ne mai zuciya, zai iya cewa a saya masa tikiti da gwiwar tasa a haka. Na yi tunanin in kashe intanet ɗin garejin, na yi tunanin in ce an riƙe ni a wurin aiki, na yi tunanin in je in durƙusa wa Alhaji Soumaïla ya sassauta. Ko in faɗa wa Baba gaskiya? Ta ina zan fara, ni da ko ido ba ma haɗawa? Baba ba ya karanta filin nan, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Suruki Mai Rawar Hannu

Amsa:

Malam Suruki, na canza sunayen kamar yadda na saba, amma ban san dattawan Gobirawa nawa ke buga majon a Greensboro ba, don haka ka yi ta addu'a.

Zan fara da wanke ka. Abin da ka yi kunya ce da tarbiyya, kuma ka ba dattijo abin da zai tashi da safe yana ɗoki a garin da bai san kowa ba. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ku ukun nan kun wuce gona da iri. Kun mai da mutumin da ya yi shekaru yana buga belot da maza kamar yaron da ake bari ya ci don kada ya yi kuka, kuma kun hana shi koyo, tunda duk dutsen da ya yar babu abin da ke biyo baya. Baƙin intanet ba su cuce shi ba, ku ne kuka tura shi wurinsu babu shiri.

Kada ka taɓa intanet ɗin mutane, kada ka yi ƙaryar aiki. Uwa uba, kada ka je wurin Alhaji Soumaïla. In ka roƙi Bazabarme ya ji tausayin Bagobiri, ka ba shi labarin da zai ci har jikoki, kuma wannan ne abin kunyar gaske. Kada kuma ka zauna gaban Baba kana ba da haƙuri kana tona komai. Kai za ka samu sauƙi, shi ka bar shi da nauyin.

Abin yi kafin ranar mai sauƙi ne. Kouloussoum ta ajiye shayi ta wuce, ban da leƙe. Elnathan ya koma wasa da gaske, kilishin da ya ci ya ci. Kai kuma, in Baba zai yi da baƙi, ja kujera ka zauna a gefensa, ka ce kana so ka ga yadda yake yi. In zai yar da dutse mai haɗari, ka tambaye shi cikin ladabi ko wancan na gefe ba shi yake jira ba. Ɗan kati ne, zai kama da wuri fiye da yadda kake zato. Amsoshin da ake ba shi a ƙasan ra'ayinsa kuma, in ba za ka fassara daidai ba, ka ce masa ba abin ji ba ne.

Game da gasar, kai kana ganin masifa, ni ina ganin rahama. Faɗuwa a hannun abokin wasa ba faɗuwa ba ce a wurinmu. Alhaji Soumaïla zai cinye shi, ya yi masa dariya, Baba ya rama da baki, ya ce a sake. Tun da ya sauka wajenku kowa durƙusa masa yake yi, kowa sannu Baba, babu wanda ya tsokane shi ko sau ɗaya. Ina kyautata zaton ba don ya ci ya sa aka goge rigar nan ba, ya samu sa'ansa ne da zai yi masa rashin kunya, ya ji kamar yana fada a Tibiri. Kada ka hana shi wannan.

A ranar, in dutsenka ya faɗo daga hannun Alhaji Soumaïla, danna da ƙarfi, ka rama wa gidanku. In kuma daga hannun Baba ya faɗo, sunkuyar da kai ƙasa yadda suruki ke yi, sannan ka danna. Zai dube ka ta saman tabarau, ba za ka mutu ba. Daga ranar duk wasan da ya ci a falonka nasa ne na halal.

Allah ya ƙara wa Baba lafiyar gwiwa, ya bar ku tare, kai kuma ya tsayar maka da hannu.

Anti Rachida