Ƙasar da Inna Ta Sa a Kasko

Zuwa ga ƙanena Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Wafa' da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya a wannan sanyi na Dublin. Mu nan unguwar Balad alhamdulillahi. Maigidana Othman yana nan yana tuƙinsa a unguwar Abhur, an sabunta masa iƙama, takardar zama. Baba kuwa yana kwance kamar yadda ka bar shi shekaru huɗu da suka wuce, sai dai yanzu maganar ma ta ɗauke, ko sunana ba ya kira.

Saƙonka ya iso ta hannun Mahmud da ya zo umra: hoton kan jirgin ƙasa, da wani baƙin dunƙule a takarda. Bayaninka na karanta wa Baba kamar yadda ka ce. Cewa mutanen Ireland ba su da kwal sosai, sai ƙasar fadama da suke yankawa su busar su ƙona, irin wannan dunƙulen, shi ne suka ƙera wannan jirgi guda ɗaya tak don ya ci ta, aka gwada shi, dizal ya zo, aka yanka shi ƙarfe. Ka ce tunda Baba ya yi shekaru yana hura wutar jirgi a Sudan, zai ji daɗi. Ko kallon hoton bai yi ba.

Dunƙulen kuma Inna ta gani ta ɗauka turaren wuta ne na Turai, irin mai tsada. Ta ɓoye shi sai ranar Juma'a da maƙwabciyarmu Mastura da ƙawayenta suka zo, ta ɓantara ta sa a kasko, har tana yi musu alfahari da kai. Kai, hayaƙin nan! Mata suka yi ta tari, Mastura ta ce halas, shi ke nan, an ƙona mata abaya.

Ana cikin haka Baba ya ɗago kai daga gado. Da muryarsa ta da ya ce wane ne ya hura wannan wuta, ai ba za ta ta da tururi ba, an danne ta ba iska. Na miƙa masa hoton, ya daɗe yana dubawa, ya tambayi inda mai wuta yake tsayawa. Na ce ban sani ba, kai ka aiko. Sai ya ce a kira masa Zaharaddeen, zai koya wa yaron yadda ake jera wuta. Sunanka ya faɗa, cikakke. Inna ta fita tsakar gida ta yi kukanta.

Tun daga ranar nake ɓantara masa kaɗan-kaɗan ina sawa a kasko bayan la'asar, wani lokaci ya yi magana, wani lokaci shiru. Abin da ya rage bai kai dabino ba. Kada ka ba kowa wani ya kawo, na gaji da masu umra. Ka ɗauko da hannunka, ya ce a kira ka, ga shi na kira.

Inna da Othman suna gaishe ku. Ka gaida Wafa', ka shafa min kan Mubina.

Yayarka,
Sadiyya